Noti Goma Sha Takwas a Layi Ɗaya

Ni dai ban taɓa cewa na iya komai ba. Abin da nake faɗa kullum shi ne har yau ban ga abin da ya gagare ni ba, kuma in za a yi min adalci, maganganun nan biyu ba ɗaya ba ne. A layinmu Injiniya ake kirana. Ni na raɗa wa kaina sunan ranar da na gyara wa maƙwabci famfo. Famfon bai sake kawo ruwa ba, amma sunan ya zauna.

Sana'ata ɗaukar kaya. Ina da tsohuwar mota, da 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu da nake maƙala mata a baya: firam na ƙarfe, daɓe na katako, sai dogon wuya a gaba wanda ake sarƙafawa a jikin motar. A gaban daɓen akwai winci, ɗan injin nan mai naɗin igiyar waya, kana juya hannunsa yana janyo maka kaya mai nauyi zuwa sama. Da shi nake loda firji da janareta, ina juyawa ina fito don a san ba wahala nake sha ba.

Abin ya faro ne ranar da surukina ya tara 'ya'yansa a shagonsa. Baba mai buga takardu ne. Shekara arba'in yana buga rasit da katin gayyata da fom na makarantu a kan inji guda, wani baƙin ƙato na zubin ƙarfe mai babban wili a gefe. Idanunsa sun gaji, ya ce ya ajiye aiki. Cikin 'ya'yansa shida matata ce kaɗai ta tsaya ta koyi sana'ar tun tana 'yar makaranta, don haka ya ce injin nata ne. Ta riga ta kama ɗan shago kusa da gidanmu, ta share, ta yi masa fenti da hannunta. Shekara goma sha biyu muna tare ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba. Saura kawai a kai injin, kuma a kai shi lafiya, domin Baba ya faɗa har sau biyu cewa an daina yin irinsa, abin da ya karye a jikinsa ya karye ke nan.

Yayanta direban babbar mota ne, mutum ne da maganarsa ba ta cika wuce kalma biyar ba. Ya ce a nemo mota mai ƙugiya ta ɗaga shi.

Da na yi shiru da yanzu ina nan da mutuncina. To amma baki shi ke yanka wuya.

"Mota mai ƙugiya?" na ce ina dariya. "Haba Yaya! Ga Injiniya a gida sai a je neman bare? Wannan ɗan injin ai da hannu ɗaya wincina zai hau da shi. Na loda abin da ya ninka shi."

"Me ka loda?" in ji Yaya.

"Abubuwa da yawa."

"Kamar me?"

"Yaya, in na fara jero su sai mu wuni a nan."

Baba bai ko dube ni ba, 'yarsa ya duba. "Injinki ne. Me kika ce?"

Ta kalle ni. Na gyara tsayuwa, na tura ƙirji gaba. Sai ta ce, "Baba, tunda ya ce zai iya, zai iya. A bar masa."

"To," in ji Yaya. Wallahi na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya kai wannan "to" ɗin zafi ba. Aka tsayar da ranar Asabar.

Muna shiga mota ta juyo gare ni. "Wincin nan naka fa rawa yake. Ranar da ka ɗauko firjin nan da idona na ga yana sunkuyawa."

"Rawar ƙarfi ce."

"Ni dai na tsaya maka a gaban Baba da Yaya. Don Allah kada ka ba ni kunya. Injin nan shi kaɗai nake da shi."

"Ke dai ki tanadi tawada," na ce. "Ranar Asabar za ki ga aiki."

Tsakanina da ku, rawar ba ta ƙarfi ba ce. Noti huɗu ne suka riƙe wincin a jikin katakon daɓe, biyu ma sun fara cin ramukansu. Sai na yanke shawarar yi masa mazaunin da ba a taɓa gani ba a garin nan, irin wanda mutum zai tsayar da motarsa ya sauko ya tambayi wanda ya ƙera.

Washegari na tsallaka titi wurin Mai Walda. Dattijo ne ɗan siriri, duk hannunsa tabon ƙuna, ba ya gaggawar komai. Ya biyo ni, ya kwanta ƙarƙashin tirelar, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya fito yana kaɗe riga.

"Injiniya, aikin rabin sa'a ne. Fallen ƙarfe mai kauri za mu sa ta ƙasa, mu haɗe shi da firam da wuyan tirelar, noti huɗu su ratsa su kama. Katako ba ya riƙe winci. Ƙarfe ke riƙewa."

"Ta ƙasa?"

"Ta ƙasa."

"Wa zai gani a ƙasa?"

"Injin surukinka zai gani."

"Ka ga, malam, ni aron injin walda na zo, ban zo aron shawara ba."

"Ka taɓa yin walda?"

"Na sha tsayawa kusa da kai kana yi."

"Ni ma na sha tsayawa kusa da likita," in ji shi, "amma ban ce ka kawo cikinka in farke ba."

Duk da haka ya ba ni injin, ya haɗa min da murfin fuska mai baƙin gilashi. Murfin na ajiye shi gefe, domin in ka sa shi ba ka ganin komai, kuma ba a ganinka. Ina da baƙin tabarau na tuƙi, wanda ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Kayan aiki ban wahala ba. Na fito da ƙarafan tsohon gadonmu, da sifirin mota guda biyu, da guntun bututun ruwa, na jere su a tsakar gida. Tsarina shi ne hasumiya: ƙafafu huɗu, tokara ta kowane gefe, winci a bisa kamar mai gida a kan kujera.

Ranar Talata da hantsi na jona injin a soket ɗin kicin, na ɗora sandar walda a kan ƙarfe. Fau! Wutar layinmu gaba ɗaya ta ɗauke. Kafin in ɗago, ga Tela maƙwabcinmu a bakin ƙofa da wando rabin ɗinki a kafaɗa.

"Injiniya, kai ne?"

"Daga can sama matsalar take. Ni ma yanzu nake shirin fita in tambaya."

"To me ke hayaƙi a soket ɗinka?"

"Ai ka ga abin da nake faɗa. Har gidana ta shafa."

Sai da aka kira mai gyaran wuta, aka wuni ana neman inda ta ƙone, mata suna leƙowa ta katanga suna yi min sannu irin wadda ba ta sannu ba. Da wutar ta dawo Mai Walda ya ja min waya daga shagonsa, ya ce ba don ni ba, don kada in sake ɗauke wa firjin matarsa wuta.

Daga nan aiki ya kankama. Tartsatsi na tashi, ni ina ji a raina an haife ni ne don wannan sana'a. Ban lura ba ashe tartsatsin yana sauka kan shanya. Zanen gadonmu sabo ya koma rariya. Ina cikin yi wa matata bayanin cewa iska ce ta juya, sai ta ƙwalla ƙara, ta ruga kicin, ta dawo da bahon ruwan wanke-wanke ta sheƙa. Rabi ya sauka kan katakon tirelar da ya kama da wuta, rabi a bayana.

"Da kin bari," na ce ina tsane kunne, "ai ina sane da ita."

"Kana sane da wannan ma?" Ta nuna ƙafar hasumiyar.

Sifanata ce, mai lamba goma sha bakwai, wadda na tokare ƙarfe da ita na manta. Na liƙe ta ɗam a jikin ƙafar. Na buga da guduma, ko gezau.

"Da gangan na sa ta. Ƙarin ƙarfi ce."

Ranar Laraba ban yi aiki ba. Na tashi idanuna kamar an zuba musu yashi, hawaye na zuba ba kuka nake ba. Na wuni kwance da jiƙaƙƙen tawul a fuska. Mai Walda ya shigo duba ni, ya zauna, ya ɗauko murfin fuskar nan ya ɗora min a ciki, ya tafi.

Ranar Alhamis na zo kan aikin da har yau in na tuna shi nake jin wani guntun alfahari, duk da abin da ya biyo baya. Mai Walda ya ce noti huɗu, ko? To ni goma sha takwas na sa. Na ɗauko rula da fensir, na ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan gefen daɓen zuwa wancan, ya ratsa katako uku na tsakiya. Na huda ramuka goma sha takwas a kan layin, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa yatsa biyu, ba ƙari ba ragi. Na ɗora hasumiyar, na ɗaure notinan har sai da katakon ya yi ƙara. Na shafe komai da jan fenti, har sifanar.

Tela da Mai Walda suna zaune a benci suna kallo. Na ɗora wincin a bisa, na kama hannunsa don in nuna musu. Na juya. Ƙwal! Hannun ya daki tokarar dama. Na mayar baya. Ƙwal! Ya daki ta hagu. Rabin zagaye kawai yake yi.

"Sabon samfuri ne?" in ji Tela.

"Kariya ce, don kada yara su yi wasa da shi."

"Ya kuwa kare," in ji Mai Walda. "Har manya."

Na ɗauko zarto. Sa'a biyu ina yankan tokarar da na yi yini ina liƙewa, fenti ɗanye yana bin hannuna har gwiwa. Tela ya ce in na gama in ara masa zarton, akwai wani wando da ya ɗinke ƙafafunsa biyu wuri ɗaya. Ban tanka masa ba, ai ba kowane kare ake jifa ba.

Ranar Juma'a da yamma na yi gwaji a bainar jama'a. Na ja tirelar ƙofar gida, na ɗaura igiyar a gindin bishiyar da ke bakin titi, na fara juyawa. Igiya ta miƙe, tirelar ta taho sumul har ta sumbaci bishiyar.

"Kun gani?" na ce. "Ko motsi mazaunin bai yi ba!"

"Tirela ka ja, babu komai a kanta," in ji Mai Walda. "Wannan ko akuya ta ja." Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo. "Injiniya, har yanzu a katako yake. Bai taɓa firam ba ko ta wuri ɗaya."

"Noti goma sha takwas!"

"Ko ɗari ne."

"Hassada dai ba ta da magani."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "Gobe ƙarfe nawa za a ɗauko?"

"Goma. Me ya faru?"

"Zan rufe shago in zo ɗaukar darasi."

Matata ta ji komai daga bakin ƙofa. Da muka shiga ciki ta tare ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka bar shi ya sa ƙarfen ƙasan nan mana. Rabin sa'a ya ce. Me zai rage ka da shi?"

"Yanzu in kwance noti goma sha takwas? Gobe a ce Injiniya ya kasa sai da aka gyara masa? Ke ba ki yarda da ni ba ne?"

Wannan tambayar ita ce mafi muni cikin duk abin da na aikata a makon, har da gobarar. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Na yarda." Ta koma ta ci gaba da jera gwangwanayen tawada a kwali.

Asabar ta zo. Na sa farar riga. Layin shagon Baba matsattse ne, kuma labari ya riga mu isa: mai aski ya fito da almakashi a hannu, mai gyaran waya ya bar teburinsa, masu jiran aski suka biyo mai aski. Mai Walda da Tela sun riga sun sami wuri a inuwa. Yaya da ƙannensa biyu sun turo injin a kan bututan ƙarfe har bakin ƙofa, sun ɗaure shi a kan katakon gindinsa. A hasken rana ya fi yadda na san shi girma.

Na yi baya da tirelar, na saukar da matakan hawa guda biyu, sannan na kwance ta daga jikin motar na matsar da motar gaba.

"Bar ta a maƙale," in ji Yaya.

"Tana tare hanya, Yaya."

Ba hanya take tarewa ba. Bayan motar ne ya rufe hasumiyata, jama'a ba sa ganin jan fentin.

Na zagaya igiyar a gindin injin, na maƙala ƙugiya, na hau wuyan tirelar na tsaya. "Jama'a a matsa baya! Wanda bai taɓa ganin aikin injiniya ba ya buɗe ido!"

Na fara juyawa. Ƙar, ƙar, ƙar. Igiya ta miƙe. Na ji motsi, na ce alhamdulillahi, ya taho. Sai na ji dariya ta ɓarke. Na ɗago kai. Injin yana nan inda yake, tirelar ce take tafiya wurinsa da ni a kanta, matakan suna jan ƙasa.

"Injiniya," in ji mai aski, "injin ne zai hau tirela, ko tirelar ce za ta hau injin?"

"Daidaita su nake! Kai dai ka tsaya a kan gashi."

Aka mayar da ita baya, aka tokare tayoyin da duwatsu. Na sake hawa. Wannan karon injin ya motsa da gaske, ya gangaro kan bututan a hankali, ya kama gindin matakan. Na saci kallon matata, ta dunƙule hannu biyu a ƙirji. Na ƙara ƙaimi, har na soma fito.

Nauyin injin na sauka kan bayan tirelar sai na ji ƙasa tana nisa da ni. Wuyan ya ɗaga sama, ni ina kai, na rungume hasumiya, ƙafafuna suna reto. Daga can bisa na hango saman rumfar mai gyaran waya, har da wani takalmi da ya daɗe a wurin.

"Ku kama! Ku kama wuyan!"

Mutum huɗu suka yi tsalle suka rataya, Tela a cikinsu, aka sauko da ni. Farar rigata ta kwashi jan fenti daga wuya har ciki, ashe bai gama bushewa ba.

"Da wani abu da ka gano a saman?" in ji Tela yana haki.

Yaya ya miƙo hannu, na ba shi makulli, ya yi baya da motar, ya maƙala tirelar da kansa. Sannan ya juya wurin ƙanwarsa. "Har yanzu ana iya kiran ƙugiya."

Kowa ya ji. Ta dubi injin, ta dubi mahaifinta, ta dube ni da jan fentina. Da ina da hankali ko na sisin kwabo, a nan zan ce a kira. Maimakon haka na buga ƙirji na ce, "Yanzu ne ma aikin zai fara. Waɗancan duk share fage ne."

"A bar shi ya ƙarasa," ta ce.

Na kama hannun wincin. Yanzu babu abin da zai gudu, babu abin da zai ɗaga, duk nauyin ya dawo kan mazaunina. Ƙar. Ƙar. Hannun ya yi tauri, na sa hannu biyu. Injin ya hau taku ɗaya, ya hau biyu, ya kai tsakiyar matakan. Gumi ya rufe min ido. Wani ya fara tafi. Na buɗe baki zan ce wa Mai Walda ina katakon da ba ya riƙewa, sai na ga ya miƙe tsaye yana kallon ƙarƙashin ƙafata.

"Injiniya, tsaya! Ku sa waigi ku tokare bayansa!"

Ban tsaya ba. Na ƙara juyi ɗaya.

Ƙarar ba ta da yawa. Ɓarrr, kamar an yage atamfa. Katakon nan uku suka rabu a kan layina, daga rami na ɗaya zuwa na goma sha takwas. Hasumiya da winci da sifana suka tashi gaba ɗaya, ni kuma ban saki hannun ba, don haka muka tafi tare. Injin yana komawa baya, yana jan mu, na share daɓen tirelar da cikina tun daga gaba har baya. Jama'a suka watse. Injin ya sauka daga matakan, ya yi tangal-tangal, ya kwanta ta gefen wilin a kan dakalin shagon. Na ji wani ƙas mai kauri, irin wanda ba ya bukatar a yi maka fassara.

Na ɗago daga ƙasa, hasumiyar tana rungume a ƙirjina. Na dube ta. Wallahi ko ɗaya daga liƙin da na yi bai saki ba, notinan duk suna nan a jere, kowanne da guntun katakonsa. Kuma ku ji abin da ya fito daga bakina, a gaban surukina, a gaban duk layin:

"Amma dai ku shaida, waldar ba ta saki ba!"

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Wilin injin ya tsage gida biyu, guntun ya gangara ya kwanta a bakin kwata. Matata ta je ta ɗauko shi da hannu biyu, ta durƙusa, tana gwada shi a gurbinsa, ya zame, ta sake gwadawa. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Hawaye kawai ke sauka kan ƙarfen tana sharewa da gefen mayafinta. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tunda aka haife ni, na rasa inda zan ajiye hasumiyar da inda zan ajiye kaina.

Mai Walda ya durƙusa kusa da ita, ya karɓi guntun, ya shafa bakin karayar da yatsa. "Zubin ƙarfe ne, 'yata. Yana da wuyar sha'ani. Zan gwada, amma ban yi miki alkawari ba. In ya kama, ya kama. In ya ƙi, sai haƙuri."

Baba ya tako a hankali yana dogara sandarsa. Na zaci wurin injin za shi, sai ya nufi tirelar. Ya sunkuya, ya kai fuskarsa dab da katakon saboda idanun, ya bi bakin yagewar da yatsa daga wannan gefe har wancan.

"Wa ya huda wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da rula?"

"Da rula, Baba."

Ya jinjina kai. "Shekara arba'in ina huda littafin rasit don takarda ta yage daidai in an ja. Ban taɓa samun layi mai kyau kamar wannan ba."

A nan ne Tela ya kasa daurewa, ya toshe baki ya shige bayan rumfa.

Injin yana kwance rabi a titi, dole a tashe shi a mayar ciki kafin a san abin yi. Yaya ya kawo igiyoyi da bututan, ya rarraba mutane: wannan nan, wancan can. Mai aski ya ajiye almakashi, Mai Walda ya naɗe hannun riga. Matata ta share fuska, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kama kusurwa ɗaya. Na yar da hasumiyar na ruga, don ko ba komai ina da ƙarfi, duk wurin babu wanda ya fi ni faɗin kafaɗa.

"Yaya, ina zan kama? Ni a ganina in aka ɗaga ta nan, aka..."

"Kai," in ji Baba.

Na juya. "Na'am, Baba."

"Zo nan. Akwai aikin da zan ba ka."

Na taho da sauri, zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ashe dai ba a fitar da rai da ni ba. Ya miƙo min sandarsa.

"Riƙe min wannan. Ka tsaya can, jikin bango."

Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya wuce ni yana ɗingishi, ya je ya sa kafaɗarsa a jikin injin, kusa da 'yarsa. Yaya ya ƙirga uku, suka yi nishi gaba ɗaya, injin ya fara tashi.

Ni kuwa na tsaya jikin bango da jan fenti a ƙirji. Da hannu biyu na riƙe sandar, kuma har suka gama ba ta faɗi ba.